Filaya mai kulle: kurakuran da ke kashe ta a gareji

Duk yaron da ya shigo gareji, kafin ya haddace lambobin sufana ya riga ya kamu da son filaya mai kulle, wadda muke kira bais-girif. Tana cafke komai, tana riƙewa ko ka sake ta, sai yaro ya ɗauka ita ce maganin kowane noti. Bakina ya gaji da nanata magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Wani maƙeri ɗan asalin Denmak, William Petersen, shi ya ƙirƙiro ta a garin DeWitt na jihar Nebraska a Amurka, ya yi mata rajista a 1924, 'yar libar sakewa kuma sai a 1957 aka ƙara. Duk dabararsa tana cikin ɗan ƙarfen nan da ke tsakanin hannuwa biyu, wanda gindinsa ke tokare da kan sukurun baya. Idan ka matse, sai ya miƙe, ya ɗan zarce tsakiya, ya cije. Zarcewar nan ce "ƙas" ɗin da kake ji. Shi sukuru aikinsa auna faɗin baki.

Wanda bai gane haka ba, shi ne zai ɗaure sukuru har ƙarshe, ya sa hannu biyu yana nishi, in ta ƙi ya kawo guduma ko ya zura bututu a hannunta. Kai yaro, dambe kake yi da ita? Ribit ɗin, wato ƙusoshin da suka haɗa sassanta, su ne ke shan wahalar, ramukansu su buɗe, hannun ya lanƙwashe, gobe ka kulle ta ta fincike da kanta ta daki yatsanka. Ni ga yadda nake yi: in rufe hannuwan a kan abin da zan kama, in murza sukuru har haƙora su taɓa, in buɗe, in ƙara rabin juyi, in matse da hannu ɗaya. In hannu ɗaya bai kulle ta ba, na wuce gona da iri, sai in rage. Wasu filayoyin suna da ramin alanki, wato ɗan makullin nan mai kusurwa shida, a kan sukurun don ƙara matsi bayan an kulle. A wurina kwatan juyi ya isa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne notin bututun birki. Notin nan rami ne da shi a tsakiya, ƙarfensa kuma ba mai tauri ba ne. Wani yarona ya tarar da ɗaya ya yi tsatsa, ga sufana mai tsaga ta lamba 10 a rataye a gabansa, amma ya ɗauko filaya ya danna mata iya ƙarfinsa. Noti ya baje, bututu ya murɗe tare da shi, man birki ya fara ɗiga. Mai mota yana zaune a benci yana kallo. Da na tambaye shi sai ya ce, "Oga, ai ta kama sosai." Ta kama mana! Daga aljihuna na sayi sabon bututu, kuma mutumin bai ƙara kawo mini mota ba. Tun daga ranar, dokar shagona: ba a kai filaya kan noti sai kusurwoyinsa sun riga sun cinye, sufana ta kasa.

Masu walda ma ga naku. Kar ka kama ƙarfe dab da inda za ka ɗora wuta. Haƙoranta an gasa su ne don su yi tauri; da ka ga sun yi shuɗi, taurin ya tafi, kuma ba ya dawowa da addu'a. Gwajin da nake yi shi ne in goga magagari: in ya zame, da sauran rai, in ya ci cikin sauƙi, ta koma ta riƙe kwano. Haka maƙala wayar at, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake aiki a kai, a jikinta, wuta na iya bi ta sifirin ya yi laushi. Ina shafa giris a zaren sukuru kafin walda don kada tartsatsi ya manne.

Sauran ƙanana ne. Sifirin ya tsinke, ƙarfen tsakiya yana faɗowa? Ciro na matacciyar filaya mai girma ɗaya, kar ka ɗaure da waya. Baki yana karkacewa gefe? Ɗora ribit a kan maƙera ka ɗan bubbuga kansa, kana gwadawa bayan kowane bugu, don in ka zarce za ta ƙage. Haƙora sun cushe, buroshin waya da kananzir. Ba guduma ba ce, a daina buga ƙusa da ita.

Sukuru kuma in ya ɓata, a kula: tsofaffin na Amurka zaren inci gare su. In ka tura musu bol na milimita da ƙarfi, zai shiga juyi biyu ya cinye zaren hannun, filayar ta tashi aiki ke nan. Ɗauke ta ka tafi da ita wurin masu sayar da noti, a gwada a gabanka, wanda ya shige da yatsu kawai shi za ka biya.