Yadda ake yanke iyakar maganin feshin da jiki zai iya ɗauka a yini guda

Maganin ƙwarin da mai albasa a fadamar Kwalkwalawa ko mai kankana a Goronyo ya fesa, ba ya ɓacewa gaba ɗaya; ɗan ɓurɓushi kan saura a jikin amfanin. Aikin hukuma shi ne ta gano nawa mutum zai haɗiye a ci ɗaya, ko cikin awa 24, ba tare da ya cutu ba. Wannan adadi shi ake kira ARfD. Kada a haɗa shi da ADI, wanda ke auna abin da za a riƙa ci kullum har ƙarshen rayuwa. Kwamitin masana na hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO da WHO), wato JMPR, da ke zama tun 1963, yana cikin masu fitar da shi. A Najeriya kuwa NAFDAC ke yi wa magungunan rajista.

Ana farawa da dabbobi: ɓeraye, zomaye, wani lokaci karnuka. A raba su rukuni-rukuni, kowanne a ba shi adadi daban, a bar rukuni ɗaya ba a ba shi komai ba. Sai a sa ido: rawar jiki, dalalar miyau, illa ga ɗan tayi a cikin mai ciki. Ga magungunan ƙwari dangin dichlorvos da chlorpyrifos ana auna wani sinadari na jijiya, kolinestaras, domin shi suke danne wa aiki. Adadi mafi girma da bai nuna wata illa ba shi ake ɗauka, sunansa NOAEL.

Daga nan sai a raba shi da 100. Goma saboda mutum ba ɓera ba ne, wata goman saboda mutane ma ba ɗaya suke ba: akwai jariri, akwai tsoho, akwai mai ciwon hanta. Amurka, tun dokar 1996, tana iya ƙara wata goman domin yara.

Ga misali da alƙaluman kwatance. NOAEL ya zo miligiram 5 a kowane kilo na nauyin jiki. Raba da 100, an sami 0.05. Magidanci mai kilo 60 iyakarsa miligiram 3 ke nan, yaro mai kilo 15 kuwa 0.75 kacal.

Saura a duba abin da ke shiga ciki. A nan ba a lissafi da mai ci kaɗan, da mai ci da yawa ake yi, kuma da ɓurɓushi mafi yawa da aka samu a gonakin gwaji. Kayan da ake ci ɗai-ɗai kamar kankana ana ninka nasu sau 3, don wata ta fi wata shan feshi ko a kunya ɗaya suke. A ce akwai miligiram 1 a kilon kankana, yaron ya sha giram 300 da zafin rana: 0.3 sau 3, a raba da 15, ya ba da 0.06. Ya haura 0.05. Babansa mai kilo 60 da ya sha rabin kilo yana kan 0.025, lafiya lau. Saboda yaron nan hukuma za ta rage yawan feshin, ko ta tsawaita kwanakin jira kafin girbi, ko ta hana maganin a kan kankana ɗungurungum.

Inda lissafin ke rushewa a gona ne. Duk an gina shi bisa cewa manomi ya bi abin da ke rubuce jikin kwalba. Wanda ya auna da murfi biyu maimakon ɗaya, ko ya fesa tumatir yau ya tsinka gobe don farashi ya tashi, ya fita daga abin da aka gwada. Haka mai tuttula dichlorvos cikin buhun wake don gudun ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda wannan maganin, wanda iyakarsa a can miligiram 0.01 ce a kilon wake.