Babi na 6: Neman Tallafin Gyaran Gida Bayan Ambaliya

Darasi na 1: Cike fom

Iyayena da yayyena, Allah ya mayar da alheri. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya ci Maiduguri, sai da aka tantance gidaje kafin a raba kuɗi. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ita ce NEMA, ta jiha kuma SEMA. Duk wadda ta zo, da fom za ta zo.

Kafin ku kwashe ko bulo ɗaya, ku ɗauki hoton gidan da waya. Ku sanar da mai unguwa.

Sai suna. Ku ɗauko takardarku ta NIN, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa, ku ajiye ta kusa da fom ɗin. Ku ɗora yatsa a kan harafin farko, ku kwafa, sannan ku matsa gaba. Idan takarda ta ce Muhammad, to Muhammad za a rubuta, ba Mamman ba. Idan ta ce Hauwa'u, kada a sa Jummai don da shi aka saba a gida. Sunan da ke fom, da na NIN, da na banki, su zama ɗaya. Kada ku ji kunyar jinkiri, hannu zai saba.

Lambar NIN guda 11 ce, BVN, wato lambar tantancewa ta banki, ita ma 11, lambar asusun banki 10. Ku ƙirga. Wanda ya manta NIN ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi.

Yanzu ku koma kan suna, harafi bayan harafi. Na sha faɗa, amma kullum sai wani ya rubuta da ka, takarda na aljihu. Haba Malam! Harafi ɗaya yana iya tsayar da kuɗin rufin ɗakinka. Ciro takardar, sake dubawa.

Darasi na 2: Tallafi ne ko rance?

Tallafi ba a biya. Rance ana biya, wani har da kuɗin ruwa. Kafin ku dangwala yatsa, ku sa wanda kuka yarda da shi ya karanta muku a fili. Ku tambaya: nawa ne duk wata, wata nawa, me aka riƙe jingina? Kada ku ba da takardar gida ba ku ji amsa ba.

Darasi na 3: 'Yan damfara

Fom ɗin tallafin gwamnati ba na sayarwa ba ne. Lambar sirrin katin ATM kuwa, ko jami'i ba a ba shi.

Aikin gida: ku kwafi sunanku daga takardar NIN sau biyar.