Darasi na 9: Hoton Jijiyoyin Zuciya ta Wuyan Hannu ko ta Cinya

Ku miƙe hannun hagu, tafin yana kallon sama. Ku ɗora yatsu biyu na hannun dama a wuyan hannun, ɓangaren babban yatsa, ku ɗan danna kaɗan. Za ku ji wani abu yana harbawa a ƙarƙashin yatsunku. Wannan jijiyar jini ce, kuma kowane harbi da kuka ji daga zuciya ya taso. Akwai irinta, wadda ta fi ta kauri, a gindin cinya, daidai inda cinya ta haɗu da mara. Ta ɗaya daga cikin wuraren nan biyu likita yake bi idan yana so ya ga jijiyoyin zuciya da idonsa.

Me ake nema a zuciyar?

Zuciya tsoka ce. Girmanta kusan dunƙulen hannun mai ita ne, kuma a jikin baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana zaune. Ita ce take tura jini ko'ina a jiki, amma ita ma tana bukatar nata jinin. Jijiyoyi biyu ne suke kai mata shi, ta dama da ta hagu. Ta hagun tana rabuwa biyu, shi ya sa za ku ji likitoci suna cewa manyan jijiyoyin zuciya uku ne. Faɗin kowace yawanci kusan milimita 3 zuwa 4 ne.

Da tafiyar shekaru, kitse yana iya taruwa a jikin bangonsu har hanyar ta tsuke. Shan taba, hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini da gado duk suna gaggauta wannan. Mutum zai ga in ya yi sauri ko ya hau bene sai ƙirjinsa ya yi nauyi, wani lokaci ciwon ya sauka a hannun hagu ko ya hau wuya da muƙamuƙi, in ya huta kuma ya lafa. Wasu, musamman mata da masu ciwon suga, ba sa ma jin ciwon ƙirjin sosai, sai dai haki da kasala. Idan jini ya daskare ya toshe tsukakkiyar hanyar gaba ɗaya, ɓangaren zuciyar da take ciyarwa zai fara mutuwa.

Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna waɗannan jijiyoyi. Dole sai an zuba musu wani ruwa mai sinadarin aidin, wanda yake sa su fito baƙi ƙirin a na'urar eksire. Kuma a wannan gwajin, ruwan sai an kai shi har bakin jijiyar. Abin da ake kai shi da shi wani siririn bututun roba ne mai laushi da ake kira kateta. Tsawonsa kusan mita 1 ne, kaurinsa kusan milimita 2.

Mutane da yawa da sun ji an ce za a shiga zuciyarsu sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka tsaga ƙirji za a yi. Ba a tsaga komai. Huji ne ƙarami a fata, kuma mara lafiya idonsa biyu har a gama. Cikin jijiyar jini ba ya jin taɓi kamar yadda fata take ji. A shekarar 1929 wani matashin likita ɗan Jamus, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa da kansa har ya kai zuciya, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto don ya nuna wa abokan aikinsa. Hoton jijiyoyin zuciya kansu kuwa, ta hanyar kai ruwan har bakin jijiyar, Dakta Mason Sones ne ya fara ɗauka a Amurka a 1958. Wato aikin ya haura shekara 60 ana yin sa.

Kafin ranar

A nan ne aikin mara lafiya ya fi yawa, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Ku tattara duk magungunan da kuke sha, da kwalayensu, ku kai wa likita. Har da wanda ba likita ne ya rubuta ba, har da na itatuwa. Faɗin "wani ɗan fari ne ƙarami" ba ya taimakon kowa.

Iri biyu likita zai fi tambaya a kansu. Na farko maganin tsinka jini, kamar wafarin, domin yana iya sa jini ya ƙi tsayawa a wurin hujin. Na biyu maganin suga, musamman metfomin da allurar insulin. Akan ce wa wasu su dakata da metfomin har awa 48 bayan gwajin, saboda ƙoda. To amma kada mutum ya dakatar da wani magani da ra'ayin kansa. Asfirin, alal misali, galibi so ake a ci gaba da shan sa.

Ku faɗa idan kuna da ciwon ƙoda, domin ƙoda ce take fitar da ruwan hoton ta fitsari, kuma mai rauni tana iya wahala da shi. Don haka ake ɗibar jini a auna ta tukuna. Ku faɗa idan wani magani ko ruwan hoto ya taɓa sa muku borin jini, kumburin fuska ko toshewar numfashi. Mace ta faɗa idan tana da juna biyu ko tana zaton haka, saboda hasken eksire. Maganar cin abinci kuwa asibiti ya bambanta da asibiti. Wasu sukan ce a bar ci na wasu awoyi, wasu su yarda da ɗan abu marar nauyi. Abin da aka gaya muku shi za ku bi.

Za a ba ku takardar yarda ku sa hannu ko ku dangwala. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba yana da haƙƙin ya ce a karanta masa, a kuma fassara. Wannan ba abin kunya ba ne, jikinsa ne za a taɓa. A cikin takardar za a ambaci haɗari: zubar jini, taɓuwar ƙoda, rikicewar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki. Gaskiya ne suna iya faruwa, amma babbar matsala ba ta samun ko mutum 1 cikin 100 a gwajin da aka shirya shi a tsanake.

A ɗakin gwaji

Ku zaga ku yi fitsari kafin a shiga da ku, musamman idan ta cinya za a bi. Za a sa muku allurar ƙarin ruwa a hannu, a liƙa wayoyi a ƙirji, a aske gashin wurin, a wanke shi da magani, a lulluɓe ku da kyalle mai tsabta. Gadon siriri ne kuma ɗakin da sanyi. Akan ba da maganin kwantar da hankali kaɗan. Daga nan likita zai yi allurar kashe zafi a wurin. Wannan allurar tana da ɗan raɗaɗi na 'yan daƙiƙu, kuma ga yawancin mutane ita ce mafi zafin abin da za su ji a ranar.

Idan wurin ya mutu, sai ya soka allura cikin jijiyar, ya zura waya mai laushi ta cikin allurar, ya zare allurar, ya bi kan wayar da wani gajeren bututu da zai zauna a bakin hujin. Ta cikinsa kateta take shiga da fita. Daga wuyan hannu tana bin hannu zuwa kafaɗa ta gangara zuciya. Daga cinya kuwa tana hawa ta babbar jijiyar da ta ratsa ciki da ƙirji. Likitan yana kallonta a allon talabijin, na'urar hoton kuma tana juyawa kusa da ƙirji da fuska ba tare da ta taɓa mutum ba.

Za ku ji yana cewa, "Baba, ja numfashi ka riƙe," ko "Mama, ɗan yi tari." Ku yi yadda ya ce. Lokacin da aka tura ruwan, wasu sukan ji ɗumi ya ratsa jikinsu, har su zaci fitsari ya kufce musu, alhali babu komai. Wasu sukan ji zuciya ta ɗan yi tsalle. Ta hannu kuma jijiyar takan tsuke ta kama bututun, hannun ya yi tsami, sai a ƙara maganin da zai sassauta ta. Abin da ba a so shi ne mutum ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko ƙaiƙayi, ko numfashinsa ya yi wuya, ya daure ya yi shiru don kada a ce ya cika raki. Ku faɗa nan take. Idan hoto kaɗai ne, yawanci minti 30 zuwa awa 1 an gama.

Hannu ko cinya?

Da can ta cinya aka fi bi. A 1989 Dakta Lucien Campeau na ƙasar Kanada ya nuna cewa ta wuyan hannu ma ana iyawa, kuma yanzu ita likitoci da yawa suke fara dubawa. Dalilin a fili yake. Jijiyar hannu tana kusa da fata, ga ƙashi a ƙarƙashinta, don haka danne ta ba wuya, kuma in jini ya zuba ana gani. Ta cinya tana can ciki, tana iya zubar da jini a ɓoye.

Duk da haka akwai wanda cinyar ce ta dace da shi: mai siririyar jijiya ko murɗaɗɗiya, wanda harbin hannunsa ba shi da ƙarfi, mai wankin ƙoda da ake tattalin jijiyoyin hannunsa, ko wanda aikinsa yake bukatar bututu mai kauri. Wani lokaci ma a fara ta hannu hanya ta ƙi, a koma cinya. Wannan ba ya nufin wani abu ya ɓaci. Kuna iya tambayar dalili, kuma ya kamata a amsa muku.

Bayan an zare bututu

Hujin ƙarami ne, amma a jijiyar da jini yake gudu da ƙarfi aka yi shi, kamar bututun famfo da ruwa ya cika. Duk dokokin da za a gindaya muku daga nan suka samo asali.

Wanda aka bi ta hannunsa za a ɗaura masa wani abin roba mai iska a wuyan hannun, nas tana rage iskar kaɗan-kaɗan cikin awa 2 ko fiye. Yana iya zama, ya ci abinci, ya taka zuwa banɗaki. Wanda aka bi ta cinyarsa za a danne masa wurin da hannu minti 10 zuwa 20, ko a toshe hujin da wani ɗan abu da aka yi don haka. Sannan ya kwanta a miƙe, wani lokaci har awa 4 zuwa 6, ba lanƙwasa ƙafar, ba ɗaga kai sosai. Baya yakan gaji, kuma fitsari a kwance za a yi shi cikin mazubi. Da wuya, amma tashi kafin lokaci shi ne yake buɗe hujin. In tari ko atishawa ta zo, a dafe wurin da hannu. Ku sha ruwa sosai don ƙoda ta wanke ruwan hoton, sai fa in likita ya taƙaita muku ruwa.

Yawanci a ranar ake sallama, ko washegari. Ku zo da wanda zai mai da ku gida ya kuma kwana kusa da ku, domin ba a tuƙi a ranar. Na 'yan kwanaki, kada a ɗauki abin da ya wuce kilo 5. Mai hujin hannu kada ya matse wanki, kada ya dogara da hannun wajen tashi. Mai hujin cinya ya guji dogon tsugunno da yunƙuri a banɗaki. Kada a murza wurin, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a barbaɗa masa komai. Jini yakan kwanta fatar ta yi duhu, ko a ji ɗan ƙullutu ƙarami. Wannan yana bajewa cikin makonni kaɗan.

Idan jini ya ɓalle a gida, mutum ya kwanta, a danna wurin da ƙarfi da kyalle mai tsabta na minti 10 cur, ba a ɗagawa ana leƙawa. In hannu ne a ɗaga shi sama. Idan bai tsaya ba, a ci gaba da dannawa a nufi asibiti. Haka kuma ba a jiran gari ya waye idan kumburin yana ƙaruwa ko yana harbawa, idan hannun ko ƙafar ta yi sanyi, ta koɗe ko ta mutu, idan zazzaɓi ya zo ko wurin ya yi ruwa, ko ciwon ƙirji ya dawo. Mai hujin cinya da ya ji matsanancin ciwon baya ko na mara tare da jiri, jini ne mai yiwuwa yake zuba a ciki, ko da wajen a bushe yake.

Sakamako

Likita yakan san abin da ya gani tun kuna kan gado. Wani jijiyoyinsa lafiya lau, ko tsukewar ba ta kai a taɓa ba, sai magani da gyaran rayuwa. Wani za a buɗe masa wurin da ɗan balan-balan ta cikin bututun nan, a bar wata ƙaramar raga ta ƙarfe da ake kira sitent ta riƙe hanyar, sau da yawa a zama ɗaya. Wani kuma jijiyoyi da yawa ne suka lalace, sai a yi shawarar tiyata. Wanda aka sa wa sitent za a ba shi magunguna biyu masu hana jini daskarewa, asfirin da wani, na tsawon watanni. Barin su don an ji sauƙi yana iya toshe ragar farat ɗaya. Tun kafin su ƙare a nemi wasu.

Aikin gida

Ku ɗauki takarda ku ja layi uku. A na farko ku kwafi sunan kowane magani da kuke sha, ko wanda wani na gida yake sha, harafi bayan harafi kamar yadda yake a jikin kwalin. A na biyu ku rubuta lambar da ke gefen sunan, wato wadda take nuna ƙarfin maganin. A na uku ku rubuta sau nawa ake sha a rana. Ku zo da takardar aji na gaba, malami zai duba ta tare da ku.