Kurakuran da ake yi wajen sauya fitilun dare na tsohon jirgin iska

Na gaji da ganin abu ɗaya. Mutum ya sayi tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, fitilunsa sun dushe, sai ya kwaso farin ƙwan LED ya cusa a tsohon gidan fitila, ya ce ai magana ta ƙare. Ni ma haka na yi, kuma saura ƙiris in rasa jirgina.

Muna dawowa daga gaɓar Tarkwa Bay a Legas da daddare, wani jirgi mai jan manyan jirage zuwa Apapa ya doso mu, bai kauce ba sai da na ga mutanen cikinsa ƙuru-ƙuru. Matuƙinsa ya yi ta faɗa ta oba-oba, ya ce shuɗi yake gani, bai gane inda na dosa ba. Da gaskiyarsa. Koren gilashin nan na da, don ƙwai mai zare aka yi shi, mai haske ruwan ɗorawa. Idan farin LED ya ratsa shi, kore ya koma shuɗi-shuɗi, ja kuma ya kode. Sannan zaren tsohon ƙwai siriri ne a tsaye, shi ke sa haske ya yanke daidai kan iyakarsa. LED mai idanu da yawa watsa haske yake yi, launi ya shiga launi. Dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ba ta bar wannan ga ra'ayin kowa ba: ja a hagu, kore a dama, kowanne digiri 112.5, farar fitilar baya digiri 135. Da waɗannan ne na nesa ke karanta inda ka sa gaba. Ni dai yanzu gidan fitilar gaba ɗaya nake cirewa, in sa sabo rufaffe mai shaidar nisan haske a jikinsa. Jirgin da bai kai mita 12 ba, mil 1 na teku ake nema a gefe, mil 2 a baya. Na fi son mai mil 2 ko'ina, don gishiri na cin haske.

Kuskure na biyu, haba jama'a! Fitila mai launi uku da ke saman jigo halal ce ga jirgin da bai kai mita 20 ba, amma sai lokacin da iska ce kaɗai ke tura shi. Kana tayar da inji ka zama jirgin inji: kashe ta, kunna na gefe da ta baya da farar gaba mai digiri 225. Wasu su tsinke na ƙasa don sun sayi ta sama, wasu su kunna duka tare kamar gidan biki. Duka biyun laifi ne.

LED mai araha yana toshe kunnen rediyo. A 2018 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta yi gargaɗi cewa yana dagula VHF, wato rediyon magana na jirgi, da AIS, na'urar da ke nuna wa jirage inda juna suke, ga shi kuma eriya da fitila a saman jigo ɗaya suke zaune. Ni kafin in ɗaure kusa, sai in kashe fitila, in nemi tashar rediyo da ba kowa, in daidaita har shuuu ɗin ya ɗauke, sannan in kunna. Idan ƙarar ta dawo, mai shago zai karɓi kayansa.

Kada ka jona sabuwar fitila a wayar da ta yi baƙi ciki. Sa ta tagulla mai rufin kuza. Duba kan wayoyin wuta biyu, LED da yawa ba sa ci idan an juya wayoyin. Shafa man hana tsatsa a kusar ƙarfe kafin ta shiga jigon alminiyam.

Bayan an ɗaura, ina shiga kwalekwale da magariba in zagaye jirgin daga nesa, in tsaya daidai hancinsa: ja da kore su bayyana tare, in matsa gefe kaɗan ɗaya ya ɓace.