Yadda nake shuka furen kosmos

Kosmos furen daji ne, asalinsa daga ƙasar Meziko, cikin dangin furannin nan masu tsakiya rawaya. Ina sonsa ne saboda ba ya neman gata.

Ka samar masa wurin da rana ke bugawa sosai, ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Kar ka zuba taki da yawa. A nan mutane suke yin asara: ganye zai yi yabanya, dogo shar, amma fure sai ƙalilan. Ni ƙasa mai rairayi nake ba shi, kuma ya fi yin kyau a haka.

Yafa irin, ka rufe da ƙasa kaɗan, ka yayyafa ruwa. Cikin kwana 7 zuwa 10 zai tsiro. Ka rage su, ka bar tazarar kamar santimita 30. Idan tsiron ya kai tsawon tafin hannu, ka tsinke kansa da farce don ya yi rassa.

Furen da ya bushe a cire shi, sabo zai fito. Kaɗan dai nake bari su yi iri, baƙaƙe sirara, in adana a takarda.