Yadda Ake Tayar da Tsohon Babur Ɗin Bullet Ba Tare da Kik Ya Doke Ka Ba

Royal Enfield Bullet ɗan asalin garin Redditch ne na Ingila, tun farkon shekarun 1930. A 1955 aka kafa kamfanin da ya ci gaba da ƙera shi a Madras ta Indiya, wadda yanzu ake kira Chennai. Silinda ɗaya gare shi, 346cc, da fistin mai doguwar tafiya, shi ya sa yake wannan amo na dum-dum kamar ana daka a turmi. Domin amon nan mutane ke sayensa, ba domin gudu ba. Amma fa tsohon ƙira ba ya tashi sai ka bi shi da ladabi.

Da farko ka san cewa ƙafafunsa a juye suke: giya a dama, birki a hagu. Ka saba da wannan a fili kafin ka hau titi. Akwai ɗan ƙarfe a gefen giya da ake dannawa da dunduniya ya mayar da babur firi. Danna shi.

Sai ka buɗe mai, ka ja cok idan da sanyin safiya ne, ka murɗa makulli.

Nan ne wurin natsuwa. A kan hannu akwai ƙaramin liba mai sakin matsin inji. Riƙe shi, ka taka kik a hankali, idonka na kan allurar mitar caji da ke kusa da agogon gudu. Za ta karkata gefe, sannan ta dawo tsakiya. Da ta dawo, fistin ya kai sama ke nan. Saki liban, bar kik ya komo, sannan ka taka shi sau ɗaya har ƙasa da nauyin jikinka. Kada ka murɗa totur. Masu murɗawa su ne kik yake dawo musu a idon sawu, kuma dukan ba wasa ba ne.

Idan ya tashi, bar shi ya ɗumama kafin ka sa giya. Ta ɗaya sama take, sauran ukun ƙasa.

In za ka ajiye shi, ka bar fistin a sama kamar yadda ka yi ɗazu, don kada baƙin mai ya tsiyaye cikin inji ka wayi gari salansa na tuƙar hayaƙi. Kuma tun kafin ka biya kuɗi, ka nemo bakaniken da ya iya saitin bawul ɗinsa, ka tabbatar akwai inda za ka riƙa samun kayan gyara.