Darasi na 7: Yadda Ake Ɗora Timtim a Kan Taya

A gidaje da yawa akwai timtim ko matashin zama da aka jingine a lungu saboda ya kwanta. Fatarsa da sauranta, ɗinkin baduku bai warware ba, cikin ne kawai ya mutu. Kada a yar da shi. Dattijon da gwiwa ke damunsa yana shan wahala wajen tashi daga ƙasa, sai ya dafa bango ko ya kira jikansa. Idan mazauni ya kai santimita 40 zuwa 45, wato tsayin kujera, zai zauna ya miƙe da kansa. Idan kuma da taya, ko yaro zai tura masa shi inuwa.

Fara da cika timtim. A ƙara masa audugar rimi ko tsummoki masu tsabta, a danna da hannu har ya yi tauri. Idan ɗaya bai kai tsayi ba, a ɗora biyu, babba a ƙasa.

Sai katako. Ka je wurin kafinta ka nemi filawud mai kaurin milimita 18. Siriri ba zai ɗauki babban mutum ba, zai lanƙwashe. Auna faɗin gindin timtim. Kafa ƙusa a tsakiyar katakon, ka ɗaura mata zare mai tsawon rabin wannan faɗi, ka ɗaura fensir a ɗaya bakin, ka zagaya. Ga da'ira ta fito. Kafinta ya yanke, ka goge bakin da samfefa don kada ya yagi fata ko zane.

Yanzu ka natsu, nan ne aikin yake. Kana bukatar taya huɗu masu juyawa, irin na ƙarƙashin kujerar ofis amma masu faranti, wato ƙarfe mai faɗi a sama da ake ɗaurewa da sukuru, biyu daga ciki masu birki. Ja layi biyu da suka gitta juna a tsakiyar katakon. Kowace taya ta zauna a ƙarshen layi, kamar santimita 5 daga baki. Mutane da yawa sukan matso da tayoyin tsakiya don kada a gan su. Kuskure ne babba: da zarar tsoho ya zauna a gefe, abin zai kife da shi. Sukurun da za ka ɗaure su da shi kada ya wuce milimita 16, in ba haka ba tsininsa zai ɓullo sama ya huda fatar.

Wajen haɗa timtim da katako, ni ba na son a buga wa fata ƙusa. Gara a sami ɗamara biyu masu ƙarfi, a gitta su ta ƙarƙashin katako tsakanin tayoyi, a ɗaure tamau a gefe. Ranar da cikin ya sake kwanciya, sai a kwance a ƙara.

Kafin Baba ko Inna su zauna, ka zauna kai da kanka, ka karkata dama da hagu. A taka birki duk lokacin da tsoho zai zauna ko zai tashi, kuma a hana yara tsayawa a kai. Da hunturu a shafa wa fatar ɗan man kaɗanya don kada ta tsage.

Aikin lissafi: tsayin taya santimita 7, kaurin katako kusan 2, timtim biyu kowanne 17. Nawa ne tsayin mazaunin duka? Rubuta amsar a littafinka.